Safa Mai Kai Ƙara

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Injiniya ta kawo mini safa. Shekara ashirin da bakwai ina jiran ranar da 'yata za ta saya mini wani abu, sai ga shi ba ma saye ta yi ba, ƙerawa ta yi, kuma ba kyauta ba ce, aiki ne.

Safa ce ruwan toka, irin wadda ba za ka kalle ta sau biyu ba. Amma a tafinta an saƙa wani zare rawaya da ya bi ƙarƙashin yatsu ya zagaya diddige, a idon sawu kuma akwai ɗan maɓalli kamar na riga. Shi ke aika lamba zuwa wayarta.

"Baba, ka saurara, kuma don Allah kada ka yi mini fuskar laburare."

"Wace ce kuma fuskar laburare?"

"Wadda kake yi in mutum ya dawo da littafi a jiƙe."

Na gyara fuska. Ta ce duk ruwan da ke fita daga jikin mutum, gumi ne ko waninsa, yana da ma'auni da ake kira pH, daga sifili zuwa sha huɗu. Can ƙasa tsami, can sama kanwa. Lafiyayyar fata tana wajen biyar zuwa shida, a nan zaren yake zama rawaya. In akwai ciwon da ya fara ɓaci, sai lamba ta hau, zare ya koma kore, daga nan shuɗi.

"Don masu irin lalurarka na yi ta," in ji ta. "Ƙafarsu ba ta gaya musu komai. To bari safa ta gaya musu."

Ba ta ambaci Yaya ba, ni ma ban ambace shi ba. Yayana shekararsa shida yana yawo da ƙafar roba.

Sati uku zan sa ta, dare da rana. Ranar 24 ga wata za ta kai sakamako gaban Farfesanta, shi zai ce a ci gaba da aikin ko a rufe. Ni kaɗai ke gwada wannan sabon zaren, don saiti biyu kawai ta samu ta saƙa: ɗaya a ƙafa, ɗaya a igiyar shanya.

Matata, wadda nake kira Hukuma a cikin wannan littafi kaɗai, ta leƙo daga kicin ta ce, "Madalla. Ƙafa ta samu mai gadi. Saura baki." Tun ranar da likita ya raɗa wa lalurata suna take yawo da makullin kabad ɗin sukari a bakin zaninta.

A banɗaki na sa safar, na kulle ƙofa. Ba don komai ba. Mutum yana da damar sa safarsa shi kaɗai.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Rawaya, hagu da dama. Ban taɓa cin jarrabawa da ƙafa ba sai yau.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Mutum huɗu suka shigo laburare tun safe. Biyu fanka ce ta kawo su, ɗaya cajin waya, ɗaya ɓatan hanya. Mataimakina, wanda nake kira Ƙamus saboda ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba, ya ga maɓallin a idon sawuna ya ce ai ya san irinta, har a talabijin ya gani, tana ƙirga taku. Na ce haka ne. Ya ƙara da cewa tana rage tumbi. Na ce wannan ma haka ne.

Sabon takalmin nan ya ɗan ci ni a ƙarƙashin ƙaramin yatsa na hagu, kusan sati biyu ke nan. Ba abin rubutawa ba ne. Na rubuta ne don kada shafin ya tafi a banza.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Hagu ta ɗan yi kore. Hasken tagar banɗakin nan bai taɓa zama abin dogaro ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Ta kira ni ina tsakiyar buga hatimi.

"Baba, hagu ta hau bakwai da ɗigo biyu. Ka duba ƙafar?"

"Na duba. Tana nan inda take."

"Ba ka jin ciwo?"

"Ba na jin komai."

Ina so a shaida cewa wannan ba ƙarya ba ce.

Sai ta ce wataƙila sabulu ne. Sabulun wanki ɓangaren kanwa yake, in ba a ɗauraye sosai ba zai iya tura lamba sama. Na ce lallai sabulu ne, na daɗe ina zargin sabulun nan.

Ban yi lissafin cewa za ta kira uwarta ba. Na dawo gida na tarar da Hukuma tsaye a bakin ƙofa.

"Yau ni za a koya wa ɗauraya? Yarinyar da na wanke wa tsumma da hannun nan?"

Na ce don a zauna lafiya, daga yau ni zan riƙa wanke safata. Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Shekara talatin ban ga ka wanke ko cokali ba."

Na ce mutum yana canzawa. Ta ce to Allah ya sa a ga alheri, amma da muryar da take yi wa mai gyaran famfo.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:40 na safe

Ba kore ba ce yau. Ba zan ce shuɗi ba. Wani launi ne da ke kan hanya.

Amfanin aiki a laburare shi ne duk wata matsala akwai wanda ya riga ka rubuta ta. Na je kanta ta sha ɗaya, inda ƙura ta fi kowa ilimin kimiyya, na zaro littafin 'yan sakandare. Shafi ɗaya ya ishe ni. Abin da kanwa ta ɗaga, tsami yana saukarwa. Har da hoton lemon tsami a gefe, an raba shi biyu, yana kallona.

Na fita na saya guda uku wajen mai lemo na bakin titi. Na shiga banɗakin ma'aikata na ɗiga ɗigo huɗu a kan zaren.

Ya koma rawaya nan take, kamar ɗan aji da aka yi wa tsawa.

Na daɗe ban ji daɗin karatu irin na yau ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

"Baba, jiya da rana hagu ta faɗo biyu da ɗigo huɗu."

"Da kyau ko?"

"Da kyau? Ko dai kai lemon tsami ne, ko zarena ya haukace."

Na yi dariya. Ina jin na ɗan zarce da ita, don ta tambaye ni ko lafiya.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Kuskurena na rashin awo ne. Na koma kanta ta sha ɗaya na karanta babin da ke gaba, na gano cewa ana surkawa da ruwa. Na kuma gano cewa ɗiga abu a kan zare aikin banza ne muddin abin da ke ciki yana ci gaba da fitowa. Don haka na tsara aiki irin na masu hankali. In rufe wurin da filasta. In naɗe yatsan da 'yar leda, kada komai ya kai ga zare. A kan ledar in shimfiɗa auduga da na jiƙa da ruwan lemo surkakke. Sannan safa. Ruwan lemon ina zuba shi a tsohuwar kwalbar maganin ido, tana aljihun gaba tare da biro.

Matsala ɗaya: ni launi kawai nake gani, lamba tana wayarta. Sai na kira ta.

"Injiniya, yau nawa na ci?"

"Uku da ɗigo takwas. Har yanzu bai daidaita ba."

Na ƙara ruwa cokali biyu.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Huɗu da ɗigo tara. An ƙara rabin cokali.

Ta ce da ni, "Baba, ka san kai kaɗai ne a gidan nan ke tambayata aikina kullum? Na ji daɗi wallahi."

Na ce ai aikin uba ke nan. Da na ajiye wayar na je na jera mujallun da Ƙamus ya riga ya jera.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 7:20 na safe

Biyar da rabi. Cif.

Hukuma ta gano ɓawon lemo a kwandon shara, guda tara. Na riga na shirya bayani uku, ba ta bar ni na yi ko ɗaya ba. Idonta har ya kawo ruwa.

"Ashe kana jin magana. Shekara nawa ina cewa ka riƙa shan lemon tsami da safe? Shi ne kake sha a ɓoye kamar mai laifi?"

Kafin in ce wani abu ta ɗora ruwa a wuta. Ta matse guda biyu a kofi, ba sukari, ta tsaya a kaina har na shanye. Haƙorana sun mutu zuwa azahar. Na ji ta a waya tana gaya wa ƙanwarta cewa Baban Injiniya ya shiryu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Biyar da rabi. Kofi ɗaya.

Ƙamus ya ce sashen tarihi yana ƙamshin lemo. Ya ce alama ce ta gara, ya taɓa karantawa. Na ce ya rubuta rahoto.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ba ya zafi.

Juma'a, ƙarfe 4:45 na yamma

Mai lemo ya fara yi mini gyara. Ya ce in zan ci gaba a haka gara in ɗauki ƙaramin buhu, ya fi sauƙi. Na ɗauka. Tsakanin abin da ƙafa ke sha da abin da Hukuma ke ɗura mini, gidanmu ya zama babbar kasuwarsa.

Takalmin hagu ya matse. Fatar zamani ce, tana shan iska ta ƙanƙance.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Ya ƙi shiga sam.

A saman kabad ɗin ɗakinmu, bayan akwatin takardu, akwai wata baƙar leda. Ranar da aka shiga da Yaya ɗakin tiyata, nas ta miƙo mini kayansa: agogo, hula, takalmi. Da aka sallame shi ya sa na dama. Na hagun ya rage a hannuna a bakin mota, ba wanda ya ce mini komai a kansa, ni ma ban tambaya ba. Ba a mayar wa mutum irin wannan. Ba a kuma zubarwa. Shekara shida yana can sama.

Ƙafar Yaya ta fi tawa lamba biyu. Takalmin baƙi ne, nawa ma baƙi. Ba wanda ke kallon ƙafar ma'aikacin laburare.

Ya shiga daidai.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Yaya ya zo. Tun daga tsakar gida ake jin shi, taku ɗaya na mutum, ɗaya na roba. Ya gaisa da Hukuma, ya tsokane ta cewa ta rame da kishin littattafai, ta ce ai ta daɗe da sallama musu ni. Ta shiga kicin. Muka zauna a baranda.

Ina ba shi labarin Ƙamus da gara, na lura ba ni yake kallo ba.

"Malam Littafi."

"Na'am, Yaya."

"Wancan takalmina ne."

Na ce takalma suna kama.

"Ni na kai shi aka sa masa wannan facin a gefe. Zare ja, don baƙi ya ƙare wa mai gyaran. Har faɗa muka yi." Ya matso da kujerarsa. Ya shaƙi iska sau biyu. "Lemo," in ji shi. Ya sake shaƙa. Bai faɗi na biyun ba.

Wata mota ta wuce.

"Ni da turare na yi," ya ce. "Kwalba uku. Kowa yana cewa ina ƙamshi kamar ango." Ya ƙwanƙwasa robar da zobensa, ta yi ƙara kamar bokiti. "Kai da yake ka yi boko, ka tafi kimiyya."

"Ba ya zafi, Yaya."

"Na sani. Tawa ma har ranar ba ta yi zafi ba."

Na ce sati ɗaya ya rage yarinyar ta kai aikinta, ba na so in ɗaga mata hankali. Ya yi dariya har da tari.

"Yarinya ta yi shekara huɗu tana ƙera abin da zai kama irinmu, ya kama na farko, shi ne kake toshe masa baki don kada hankalinta ya tashi? Kai, Allah ya ba ka lada."

Ya ba ni zuwa Asabar. Ya ce in ban faɗa ba zai zo ya cire ƙafarsa ya ɗora a teburin cin abinci ya yi bayani da ita.

Hukuma ta fito da ruwan lemo kofi biyu. Yaya ya karɓa, ya kurɓa, ya dube ni ta saman kofi.

"Yana taimaka maka kuwa?"

"Sosai," in ji Hukuma. "Ba ka ga har ya faɗa ba?"

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Na ɗauki waya sau uku. Na farko na tambaye ta nawa na ci. Na biyu na tambaye ta ko ta ci abinci. Na uku na ce kuskure ne, aljihu ne ya danna.

Biyar da rabi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 3:20 na rana

Ɗan zazzaɓi. Fankar laburare ce, tana kaina tun safe.

Na gwada rubuta mata wasiƙa. Na yi shafi biyu a kan tarihin safa, yadda mutanen da suke naɗe ƙafa da fata da ciyawa, ban iso ga tawa ƙafar ba takarda ta ƙare.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Na daina kallo in ina canza filasta. Ana iya yi da lalube.

Ba ya zafi. Da yana zafi da na fi samun barci.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 7:30 na yamma

Injiniya ta zo cin abinci, ba ta ci ba. Ta buɗe kwamfuta a kan tebur ta juyo mana da ita. Layi biyu ne. Na dama yana hawa yana sauka kamar tafiyar akuya a kan duwatsu: in na yi tafiya ya motsa, in na yi barci ya kwanta. Na hagu kuwa, tun ranar 12 ga wata, a miƙe yake kamar an ja shi da rula.

Na ga aikina, kuma in faɗi gaskiya, kafin kunya ta iso sai da na ɗan ji alfahari.

"Farfesa ya gani," in ji ta. "Ya ce ƙafar mai rai ba ta tafiya a miƙe haka. Ko zaren ya mutu, ko mai ƙafar."

Hukuma ta ce, "A'uzubillahi. Wane irin baki ne da wannan mutumin?"

"Gaskiya ya faɗa, Mama. Da fari ya hau ba dalili, ya faɗo ba dalili, sannan ya sandare. A safa biyu daban, duk ta hagu. Na kwana biyar ina neman inda na yi kuskure a saƙar, ban gani ba. In zare zai mutu a kwana tara, ba a sa wa marar lafiya shi. Zai ce masa lafiya lau alhali ƙafarsa tana ruɓewa."

Na ce a miƙo mini gishiri. Yana gabana.

Ta ce ta rubuta takardar janyewa, ranar Litinin za ta miƙa maimakon sakamako. Asabar za ta zo ta karɓi safar ta warware zaren ta gani. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na sa ka wahala a banza. Kullum kana kira kana tambaya."

Na ce ba komai.

Shekara talatin da ɗaya ina cin mutane tara a kan shafin da suka yage. Ban san me ake yanke wa irina ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Ban je aiki ba. Na ce wa Hukuma ana feshin gara.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana, gado na shida

Na ce a kawo mini littafin nan da biro. An kawo littafin, biron na nas ne, ta ce in na ɓatar da shi ita da ni ne.

Ga yadda jiya ta kasance.

Na tashi na shiga banɗaki na kulle. Na cire leda, na cire auduga, na cire filasta. Na kalla. Ba zan rubuta ba. Na ɗauko wankakkiyar safa daga igiya na sa a kan fata, ba komai a tsakani. Na zauna a teburin cin abinci ina jira. Na san bakina, in na bar masa maganar zai fara daga tarihin safa. Gara wadda aka ƙera don faɗa ta faɗa.

Injiniya ta iso ƙarfe goma da almakashi a jaka.

"Yau nawa na ci?" na ce.

"Baba, na daina dubawa."

"Duba mini. Na ƙarshe."

Ta zaro waya don kada ta saɓa mini. Ta duba. Ta girgiza kai. "Takwas da ɗigo bakwai. Ka gani ko? Yanzu kuma sama ya tafi. Ba shi da hankali."

Na ɗaga ƙafar na ɗora a kan kujerar da ke tsakaninmu. Ƙarƙashin yatsun shuɗi ne kamar an ɓarar da tawada. Sannan na shiga fito da kaya daga aljihu ina jerawa a tebur, kamar mai talla: kwalbar maganin ido, auduga, 'yar leda, cokalin shayi, rabin lemo.

Ta dubi kayan. Ta buɗe kwalbar ta shinshina. Na ga lissafin yana tafiya a fuskarta, layi bayan layi, irin yadda take yi tun tana 'yar aji uku.

"Biyu da ɗigo huɗu," ta ce a hankali. "Lemo ne."

"Zalla. Daga baya na koyi surki."

"Bakwai da biyun fa? Ba sabulu ba ne?"

"Sabulun Mamanki ba shi da laifi."

Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Ke nan yana aiki! Mama! Yana aiki! Tun kwana na huɗu ya gani, tun kwana na huɗu!" Ta yi tsalle, wallahi ta yi, da almakashi a hannu. Sai ta tsaya. Ta dubi ƙafar.

"Tun kwana na huɗu," ta sake cewa, da wata murya daban.

Ta durƙusa ta sa almakashin ta yanke safar daga sama har ƙasa. Shekara huɗu na aikinta, ba ta ko duba inda zaren ya bi ba. Da ta ga abin da ke ciki ta ce, "Baba," sau ɗaya. Ba ta ƙara yi mini magana ba ranar.

Hukuma tana tsaye a ƙofar kicin da kofin lemona a hannu. Na shirya wa ihu. Na shirya wa tarihin laifuffukana tun daga ranar ɗaurin aure. Ta ajiye kofin a hankali, ta ɗauko mayafi, ta fita ta tsayar da tasi. Sai da muka yi nisa, tana kallon taga, ta ce, "Da hannuna na riƙa matsa maka."

A bakin asibiti muka tarar da Yaya zaune a benci. Ya ce tun takwas yake nan. Ya ce ya san ko ta wace hanya aka bi, nan za a ƙare.

Gobe da safe za a shiga da ni. Likita ya ce sai ya buɗe zai san iyakar inda za a tsaya.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Tara.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Ƙaramin ne kawai ya tafi. Likita ya ce da na ƙara sati ɗaya da ba a yatsa za mu yi ciniki ba. Ya tambaye ni aikina, na ce laburare. Ya ce, "Wato kana karatu?" Na ce daidai gwargwado. Ya rubuta wani abu a fayil, bai nuna mini ba.

Injiniya ba ta miƙa takardar janyewa ba. Daga ƙofar ɗakin tiyata ta wuce wajen Farfesa da layukanta biyu da kwalbar maganin ido. Hukuma ce ta ba ni labari, don ita mai aikin har yanzu ba ta yi mini doguwar magana. An ce mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce a ci gaba da aikin, da sharaɗin a ƙara wani abu: duk lokacin da layi ya miƙe ya daina motsi, waya ta yi ƙara, don marar lafiya ya fara dabara. An ce a ɗakin gwajinsu har an raɗa wa abin suna ƙararrawar Baba. Ya kuma aiko a tambaye ni awon surkina, cokali nawa a cokali nawa. Na rubuta masa da kyakkyawan rubutu. Wannan ce gudummawata ta farko ga kimiyya.

Ƙamus ya zo dubiya. Ya ce ai tun ranar farko ya gane.

Yaya ya zo ya buɗe lokar gefen gado ya ɗauke takalminsa ya sa a leda.

"Me za ka yi da shi, Yaya?"

"Ba ruwanka. Kada dai ka sake ganinsa ka yi sha'awa." Ya leƙa ƙarshen gado ya ƙirga da sandarsa. "Naka tara, nawa biyar. Mu biyu sha huɗu. Uwarmu ashirin ta ba mu, ka ga yadda muka yi da amana."

Muka yi dariya har nas ta leƙo. Bayan ta tafi ya riƙe idon sawuna, na hagun, ya daɗe bai saki ba. Na ji hannunsa. Sama-sama, amma na ji.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 9:15 na safe

An yarda ta saƙa zarenta a cikin bandejin. Kullum da safe takan zo, ta gaishe ni a taƙaice, ta sunkuya ta shinshina bandejin tukuna, sannan ta duba waya. Na ce mata wannan cin fuska ne. Ta ce wannan tsarin bincike ne.

Yau na yi ƙarfin hali.

"Injiniya, nawa na ci?"

Ta daɗe tana kallon wayar.

"Bakwai da ɗigo uku. Jiya bakwai da shida, da yamma ya ɗan hau, ya sake sauka." Ta juyo mini da fuskar wayar. Layin ya karkace, ya yi tudu, ya yi kwari, ba kyan gani ko kaɗan. "Ka gani? Haka na masu rai yake."

Na ce na gani, Uwata. Ta ce kada in yi mata daɗin baki, ta gyara mini matashi da ƙarfin da ya fi na gyaran matashi.

Hukuma ta shigo da fulas. Ta ce ta ƙirga abin da ya rage a buhu, talatin da ɗaya ne, kuma a gidanta ba a zubar da abinci. Ta tsiyaya. Ta tsaya a kaina.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Kore, daga shuɗi. Da kansa.